Bincike kan hijabi da jikin ƴan mata a makarantun Damagaram: ta ina za a kama?

Ɗalibar Masta, Garin Malam

Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Ina shirya kundin masta a fannin nazarin zamantakewa, kuma batun da na ɗauka shi ne yadda ƴan matan kwaleji da lise (ƙaramar sakandare da babba) na cikin garin Damagaram suke ji da jikinsu a makaranta suna sanye da hijabi: zaman aji, fita gaban allo, wasan motsa jiki, kwanakin al'ada, hanyar zuwa da ta komawa gida.

Wurare uku na cije. Na farko, rubuce-rubucen masu nazarin mata da ke hannuna kusan duk daga Faransa, Ingila da Kanada suke, inda mai hijabi ita ce bare a aji. Nan kuwa wadda ba ta sa ba ita za a juyo a kalla. Shin waɗannan littattafai za su yi mini amfani, ko in ajiye su? Na biyu, na gwada takardar tambayoyina a kan ƴan mata goma, amsar duk ɗaya ce kamar sun haɗa baki: "Addini ne ya ce", "Sutura ce". Ba ƙarya suka yi ba, amma ba a rubuta kundi da jimla biyu. Na uku, da an ji kalmar feminis, wato mai rajin haƙƙin mata, sai fuska ta canza. Ina neman shawara dalla-dalla: wa zan karanta, ƴan mata nawa, makarantu nawa, wace irin tambaya, kuma a ina aka fi yin tuntuɓe. Allah ya saka da alheri.

Malamar Jami'a

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki ajiye littattafan, amma ki san tambayar da kowanne ya zo amsawa. Na Faransa sun taso ne daga rikicin ɗankwalin ƴan mata uku a wata makarantar garin Creil a 1989 da dokar 15 ga Maris 2004 da ta hana alamun addini masu fitowa fili a makarantun gwamnati. Tambayarsu ita ce a bari ko a hana, da kuma yarinyar ce ta zaɓa ko tilasta ta aka yi. In kika ɗauko wannan tambaya kika dasa ta a CEG, wato kwaleji, na Zongo ko na Birni, ba za ta yi tsiro ba, don babu wanda ke jayayya da yarinyar a bakin ƙofa. Ga yawancin gidaje a nan hijabin shi ne takardar izinin fita. Uban da ba zai bar ɗiyarsa da ta balaga ta ratsa kasuwar Dole da ɗankwali kawai ba, zai bar ta da hijabi. A Nijar, ƙasar da alƙaluman UNICEF suka nuna kashi 76 cikin ɗari na mata ana aurar da su kafin shekara 18, abin da ke riƙe yarinya a turwaziyam, ajin ƙarshe na kwaleji, ba ƙaramin abu ba ne, kuma wannan ɓangare na labarin babu shi a littattafan Turai.

Waɗanda za su yi miki aiki kai tsaye ba su da yawa. Fatima Mernissi ta Maroko, a littafinta na 1987, ta ce kalmar hijabi fuska uku gare ta: ta ido, wato ɓoye abu daga kallo, ta wuri, wato shata iyaka, da ta ɗabi'a, wato abin da ya haramta. Manal Hamzeh ta ɗauki wannan rabo uku ta yi aiki da shi a 2012 kan ƴan mata Musulmi da motsa jiki a Amurka. Shi ya fi komai dacewa da ke, don zai fitar da ke daga kallon ƙyalle kawai. Yarinya na iya sa hijabi har ƙasa amma ta ratsa tsakiyar filin makaranta kanta tsaye, wata kuma nata gajere ne amma ba ta taɓa bin ko'ina sai gefen katanga. Ta biyun ce hijabin wuri ya fi kamawa.

Sai Saba Mahmood, wadda ta zauna da matan masallatan Alƙahira a tsakiyar shekarun 1990, littafin ya fito a 2005. Abin da ta kawo shi ne, kada a ɗauka ikon mace a kan kanta sai a cikin bijirewa ake ganinsa. Matan da ta yi aiki da su suna koya wa jikinsu kunya da gangan, ta hanyar maimaitawa, har abin da aka fara a waje ya zauna a zuci. Wannan zai hana ki fassara "addini ne ya ce" a matsayin amsar wadda aka rufe wa baki. Amma ki lura, matan Mahmood manya ne da suka kai kansu wajen karatu. Ke kuma da ƴan shekara 13 za ki yi aiki, waɗanda aka sa wa hijabi tun kafin su iya ɗaura zani. Kada ki kwafo hujjarta ɗungurungum.

Kan jiki kansa, kowa na ambaton maƙalar Iris Marion Young ta 1980, inda ta ce yarinya in za ta yi jifa hannu kawai take motsawa, ba ta sa dukan jiki, don ta saba ganin jikinta a matsayin abin kallo. Ki karanta, sannan ki je ki tsaya kusa da turmi. Yarinyar da ke tsayawa kamar an dasa ta a filin wasan makaranta, ita ce da yamma take cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe, ta ja guga a rijiya, ta ɗauki jarkar lita 25 a ka. Jikin bai rasa ƙarfi ko gwaninta ba. Wurin ne da idon da ke wurin suka ɗaure shi. A ganina kundinki a nan yake.

Na gida kuwa ba ki da uzurin tsallake su. Ousseina Alidou, 2005, kan matan Nijar da ilimi da yadda suke amfani da boko da karatun addini tare. Adeline Masquelier, 2009, kan Dogon Dutsi, inda ta nuna hijabi ya shigo da wa'azi amma bai daɗe ba ya zama ado da alamar wadata. Barbara Cooper kan aure a Maradi, 1997. Hauwa Mahdi kan hijabi a arewacin Najeriya. Daga su za ki samo tarihin da ƴan matan ba su sani ba: kakanninsu da zani da kallabi da mayafi suka girma, wannan ɗinkakken hijabi mai zagaye fuska ya bazu ne bayan kafa Izala a Jos a 1978, ya ƙara ƙarfi a Nijar bayan taron ƙasa na 1991 da ya buɗe ƙofa ga ƙungiyoyin addini. A farkon shekarun 1990 ɗin ne kuma aka riƙa far wa ƴan mata kan tufafinsu, har a nan Damagaram, ana ɗora musu laifin rashin ruwan sama. Iyayen ɗalibanki sun ga wannan zamani. Ki sa hira da uwaye da kakanni ko shida ce a cikin aikin, za ki ga tsara uku a gida ɗaya kowace da abin da take kira sutura.

Kalmar feminis kuma, ki bar ta a babin mahanga inda masu gyara za su neme ta. A fili ki faɗi abin da kike yi da gaskiya: kina binciken abin da ke sauƙaƙa wa ɗiya mace zama a makaranta da abin da ke takura ta. Wannan ba ɓoye manufa ba ne muddin shi ɗin kike yi.

Mai Aikin Fili

Malama ta gama da littattafai, bari in kama ɓangaren ƙafa.

Laifin amsar nan guda ba na ƴan matan ba ne, na tambayar ne. "Don me kike sa hijabi?" tambayar jarrabawar Islamiyya ce, amsarta a haddace take, kuma duk wadda ta ba da wata amsa daban ta san ta faɗi. Ki cire ta gaba ɗaya. Haka ma "Yaya kike ji a jikinki?" A Hausa wanda ake tambaya jiki marar lafiya ne, za ta ce miki "da sauƙi" ko "lafiya lau". Wannan kuskure daga fassara takardar Faransanci kalma da kalma yake fitowa. Ki rubuta tambayoyin da Hausa tun farko, da kalmomin da jiki ke ciki: sakin jiki, ɗari-ɗari, takura, nauyi, kasala, kame kai, jin kunya, jin ido. "A ina cikin makarantar nan kike sakin jiki?" "Wace awa ce kika fi ƙosawa a tashi?" "Ran da aka kira ki allo, me kike fara gyarawa kafin ki miƙe?" "Hijabi nawa gare ki, wanne kike sawa ran Litinin, me ya sa shi?" Ta ƙarshen nan kaɗai za ta buɗe miki maganar kuɗi, wanki, sabulu, yayi, da dokar makaranta, ba tare da kin taɓa aƙidar kowa ba.

Yawan makarantu: huɗu sun isa masta. CEG na gwamnati ɗaya a tsohon gari, ɗaya a unguwar gefe inda akwai azuzuwan zana, makarantar faranko-arab (mai koyarwa da Faransanci da Larabci) ɗaya, mai zaman kanta ɗaya. In kika wuce haka za ki yi shan ruwan tsuntsaye. Ƴan mata 24 zuwa 30, rabi daga sankiyam, aji na biyu na kwaleji, inda jiki ke fara canzawa, rabi daga turwaziyam inda jarrabawar BEPC ta gama kwaleji da maganar aure ke haɗuwa. Kada darakta ya zaɓar miki. Zai ba ki na gaban aji masu baki, waɗanda suka saba da baƙin porje, wato ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, kuma sun san abin da baƙo ke son ji. Ki karɓi rajistar aji ki ɗauki kowace ta biyar, sannan ki tabbatar akwai ƴan ƙauye da ke zaune a hannun mariƙa, don rayuwarsu daban ce: sau da yawa su ke aikin gidan kafin su fito, kuma hijabinsu ɗaya ne ko biyu.

Mako biyu na farko kada ki yi wa kowa tambaya. Ki zauna a bayan aji da littafi. Ki zana taswirar makaranta: ƙofa, inuwa, famfo ko randa, makewayi, wurin masu sayar da abinci, filin wasa, inda katanga ta rushe. Kowace rana lokacin shan iska ki ƙirga maza nawa mata nawa a kowane wuri. A aji ki rubuta mutum nawa ke kan tebur-benci ɗaya. Bencin mutum biyu ko uku in ya ɗauki huɗu, gefen hijabin wata yana ƙarƙashin cinyar wata, ɗaga hannu ma sai an yi shawara. Ki ƙirga sau nawa malami ya ce "ɗaga murya". A gida an koya mata sunkuyar da kai da sassauta murya gaban babba, a aji ana ba ta maki kan akasin haka, ga kuma ƙyalle a kan kunne cikin ɗaki mai mutum 80. Ki sayi ƙaramin ma'aunin zafi ki rubuta awo ƙarfe 8, 11 da 1. A Afrilu da Mayu zafin garin nan na haura digiri 40, kuma ɗakin langa-langa ba silin ya fi waje. Saboda haka ki raba aikin kashi biyu, Disamba zuwa Janairu da kuma Afrilu. Hijabin da yake bargo da abin toshe hanci daga ƙura a hunturu, shi ne abin da ake fifita da gefensa a bazara. Wanda ya yi bincike a lokaci ɗaya rabin labari ya samu. Ki guji Yuni saboda jarrabawa, ki kuma duba inda azumi ya faɗo.

Bayan nan sai hirar rukuni, mutum 5 ko 6, sa'o'in juna, minti 45, ba malami ko surbeyan (mai sa ido kan ɗalibai) a kusa, ba kuma a ofishin darakta ba. Littattafan waje za su ce ki kwantar da yarinya a kan babbar takarda a zana jikinta. Kada ki gwada, labarin zai riga ki isa gida. Ki buga hoton zane na yarinya cikin kayan makaranta, gaba da baya, ki ba su alƙalami ja da shuɗi: ja inda ke zafi ko ciwo ko takura, shuɗi inda ke da daɗi. Ja zai taru a wuya, ƙarƙashin haɓa inda roba ke matsewa, tsakiyar kai, da ƙugu ta baya. Na ƙugun nan shi ne ƙofar maganar al'ada, su da kansu za su buɗe ta. A nan za ki ji amfanin hijabin da ba a faɗa a wa'azi: dogon hijabi na rufe tabon jini a siket ran da babu ruwa a makewayi ko ƙofarsa ba sakata, yana rufe ƙirjin da ya fara fitowa kafin a saya mata rigar mama, yana rufe tsohon kitso da rigar da ta ƙoɗe. Yana daidaita ɗiyar mai shi da ɗiyar marar shi daga nesa, ko da yake daga kusa ƴan matan sun san yadi, sun san na jika biyu da na jika goma.

Hoto: kada fuska ta shiga. Hoton ɗiyar mutane in ya faɗa WhatsApp, aikinki ya ƙare, wataƙila karatunta ma. In kina son hoto, su nuna miki wurare ki ɗauka ba kowa a ciki.

Izini daga sama yake saukowa: takardar jami'a, ofishin ilimi na jiha, sufeto, darakta. Amma wanda zai tsare ki ran da magana ta tashi shi ne kwamitin iyaye da ƙungiyar uwaye ta makaranta, ki zauna da su tun kafin ki ga yarinya ko ɗaya. Ƴan ƙasa da 18 sai da yardar uba ko mariƙi, sannan yardar ita yarinyar daban, a keɓe, don wadda aka ce wa "je ki" ba ta yarda ba tukuna. Mutane da yawa na tsoron sa hannu a takarda, ki karɓi yardar baki gaban shaida ki rubuta rana. Kada ki raba kuɗi. In za ki ba da sabulu ko littafin rubutu, ki ba dukan ajin. Kuma tun kafin ki fara ki san inda za ki kai magana in wata ta gaya miki wani babba na taɓa ta ko ana shirin cire ta a yi mata aure: akwai dokar Disamba 2017 kan kare ɗiya mace da ke karatu, akwai ofishin kare yara na jiha. Ki gaya musu tun farko cewa irin wannan kaɗai ne ba za ki riƙe a ciki ba.

Rubuta hira ta awa ɗaya na cin awa 6 zuwa 8. Ki rubuta da Hausa yadda aka faɗa, ki yi nazarin a kan Hausar, sai abin da za ki kawo a kundi ki fassara. In kika mai da "kunya" kalmar Faransanci ɗaya tun farko, kin haɗe kunyar da ake yabo da kunyar da ke sa yarinya ta ƙi zuwa makaranta kwana uku.

Malamin EPS (wasan motsa jiki)

Ɗiyata, in kin zo filin wasa ga abin dubawa. Matsalar ba ta cika zama hijabi ba, irin hijabin ne. Mai kaiwa gwiwa ko ƙasa yana kama iska a gudu, yana naɗe hannu a jifan ƙarfe, a tsallen nesa kuma gefensa na iya share yashi a bayan inda ta dira, alhali daga alamar da ta fi kusa da layi ake awo, sai ta yi asarar maki ba da laifin ƙafarta ba. A alkafura yana iya juyowa ya rufe fuska ko ya shaƙe wuya. Gyale mai fil ya fi haɗari, ba a shiga fili da fil ko allura. Abin da ke aiki: ƙaramin hijabi mai tsayawa a ƙirji wanda ake cusa gefensa cikin riga, riga mai faɗi har gwiwa, wando mai faɗi, takalmi rufaffe. Ko FIFA ta halatta rufe kai a wasa tun 2014, ba sabon abu ba ne.

To amma a ina za ta canza? Yawancin makarantu ba ɗakin canza kaya. Sai ta sa wandon a ƙarƙashin siket tun daga gida, ta wuni da kaya hawa biyu cikin zafi, bayan wasa ta koma aji da zufa ba wurin wanke jiki. Ki rubuta wannan, don shi ke sa wasu neman takardar likita a ɗauke musu wasan, ba ciwo ba. Ki nemi adadin takardun nan aji-aji, maza da mata, ki ga daga wane aji suke fara yawa.

Na biyu, ido. Filin da ba katanga, ƴan kabu-kabu da ƴan fada na zaune a gefe, yarinyar da ta fi kowa gudu za ta rage sauri da gangan, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya na riƙe da hijabi. Ki auna da agogo: mita 60 a buɗaɗɗen fili gaban maza, sannan mita 60 a cikin katanga mata zalla, yara ɗaya, kaya ɗaya. Bambancin da kika samu na ido ne, tunda ƙyallen bai canza ba.

Kan yadi, kada ki tsaya a launi. Akwai binciken 1980 kan baƙaƙen rigunan makiyayan hamadar Sinai da ya nuna baƙar riga mai faɗi ba ta fi fara dumama jiki ba, saboda iska na zagayawa a ciki. Abin da ke wahalar da yara shi ne yadin roba mai santsi da ba ya shan zufa, da matsattsen wuya, da hular ciki a kan jiƙaƙƙen kitso. Daga nan ƙurajen zafi a wuya da ƙaiƙayin kai ke fitowa. Auduga ta fi, sai dai ta fi tsada, tana yamutsewa, tana son guga. Ki je wajen teloli biyu ko uku da ke ɗinka na makaranta, za su gaya miki yadi nawa ke shiga kowane tsayi da wanda iyaye suka fi saye.

Ɗalibar Masta, Garin Malam

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Tambayar "don me" ta fita daga takardata. Saura ɗaya: in wata ta ce mini ita hijabin takura ne gare ta, da za a bar ta ba za ta sa ba, in rubuta ko in bari? Ina tsoron a ce na zo ɓata tarbiyya.

Malam na Birni

Malama ƙarama, kafin a amsa miki, gyara ɗaya. Ki rarrabe hukunci da yayi a rubutunki, don a nan masu boko ke jawo wa kansu faɗa. Aya ta 31 a Suratun Nur khimari ta ambata, a sauke shi a kan wuyan riga. Aya ta 59 a Ahzab jilbabi ta ambata. Kalmar hijabi a aya ta 53 ta Ahzab labule take nufi. Suturce jiki hukunci ne, kuma mashhurin zance a mazhabar Malikiyya da muke bi shi ne fuska da tafuka ba al'aura ba ne. Amma tsayin santimita kaza, launi kaza, yadi kaza, wannan tsarin makaranta ne da ɗinkin zamani. In kika rubuta cewa yadin roba na cutar da yara a Mayu, ba ki taɓa addini ba, malamai ma za su goyi bayanki. In kika rubuta cewa bincikenki ya gano sutura ba ta wajaba ba, kin shiga gonar da hira da yara 30 ba za ta iya nome ta ba.

Kuma ba sai an je Turai neman hujjar karatun mata ba. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajis, wato matan da ta horar, ƙauyuka suna karantar da mata. Na san Damagaram ba ta bi Sakkwato ba, da Barno take, amma sunanta na buɗe ƙofar zaure a nan ma. Shawarata kan tambayarki: maganar yarinya ɗaya ko biyu kada ta zama kan labari.

Malamar Jami'a

Allah gafarta Malam, rabon hukunci da yayi na karɓa hannu biyu, zai ma taimake ta a babin farko. Kan na ƙarshen ne muka ɗan saba. Ƙanwata, ki rubuta. In kika share wadda ta ce takura ne don gudun magana, kin yi irin abin da muke zargin wasu marubutan Turai da shi, su da suke share wadda ta ce tana so. Gaskiyar Malam ita ce kada ki kumbura ta: in uku ne cikin 28, ki ce uku cikin 28, ki kuma ce 28 ɗin ba su wakilci dukan ƴan matan jiha ba.

Sannan ki bi kalmar takura har gindinta kafin ki yanke. Ki tambaye ta yaushe, a ina, wanne daga cikin hijabanta. Sau da yawa za ki tarar dogon na makaranta take nufi ba na unguwa ba, ko ƙarfe 12 take nufi ba safiya ba, ko wan da ke tsare ta a ƙofa yana auna tsayinsa. Wata kuma abin da ta faɗa shi take nufi, sai ki bar shi yadda ta faɗa. Yarinya ɗaya na iya ce miki tana alfahari da shi ran Talata, ran Alhamis ta ce ya ishe ta, kuma duka biyun gaskiya ne, shi ya sa ake komawa wajen mutum sau biyu ko uku.

Abin da zai kare ta shi ne ɓoye ta da kyau. Canza suna kawai bai isa ba a garin da kowa ya san kowa. Kada ki haɗa unguwa da aji da sana'ar uba a jimla ɗaya, makarantun ki kira su A, B, C, D, ki kuma cire duk abin da zai sa a gane su, kamar launin kayan makaranta. Muryoyin da kika ɗauka kada su kwana a wayar da ƙannenki ke wasa da ita: ki juye su a kwamfuta mai kalmar sirri a ranar, ki goge na wayar, takardar da ke haɗa sunan gaskiya da na aro kuma ki ajiye ta a wani wuri daban da inda hirarrakin suke.